Kwallin Hajiya da idon jariri: ko akwai ɗan kaɗan ɗin da ba ya cutarwa?

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Makka, wajen titin da ake kira Shari'a Mansur, gida ɗaya da uwar mijina. Ɗana watansa bakwai. Tun ranar suna Hajiya take rambaɗa masa kwalli kullum bayan wankan safe. Kwallin dutse ne, daga Madina ake kawo mata, ita take dakawa da hannunta, ta ce ismid ne na asali. Ranar da na kai shi allurar rigakafi, ma'aikaciyar ta dubi idonsa ta ce in daina, akwai dalma a irin wannan kwallin. Da na faɗa a gida, Hajiya ta ce sunna ce, kuma 'ya'ya tara ta raina da shi, babu wanda ya makance ko ya zautu. Maigidana ya ce komai da gejinsa, ko Panadol in ya yi yawa guba ne, a rage kawai a koma Juma'a-Juma'a. Anti, nawa ne ɗan kaɗan ɗin da ba zai cutar da shi ba? Ba na son in ɓata da Hajiya, mutuniyar kirki ce, ita ta yi min wankan jego.

Maman Haidar

Wa alaikumus salam Maman Haidar. Allah ya raya mana Haidar, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Adadin da kike nema ba ni da shi, kuma duk wanda ya ba ki shi ya yaudare ki. A daina sa wa yaron kwallin nan daga yau, har na Juma'ar. Amma na san in na tsaya a nan na bar ki da aiki, domin za ki koma gida ne da "an ce" ta biyu, alhali ta farko ma ba ta karɓu ba. Don haka ki yi haƙuri da ni, zan ɗan ja maganar.

Abban Haidar bai yi shirme ba. Abin da ya faɗa shi ne ginshiƙin ilimin guba gaba ɗayansa. Wani likita haifaffen Suwizalan mai suna Paracelsus ya rubuta tun a 1538 cewa babu abin da ba guba ba, yawan abin da aka sha ne yake raba guba da magani. Panadol ɗin da ya kawo misali kuwa haka yake: babban mutum mai lafiya ba a so ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, in ya zarce sosai hantarsa ce za ta ji a jikinta. Ƙasa da haka hanta tana da hanyar da take sarrafa shi ta fitar. Gishiri ma haka, ruwa ma haka. To ta yaya masana suke gano inda gejin yake?

Galibi da dabbobi ake farawa. A raba ɓeraye rukuni-rukuni, wannan a zuba masa kaɗan a abinci, wancan a ƙara, na gaba a ƙara, a bar rukuni ɗaya ba a ba shi komai ba. A yi ta ciyar da su, wani gwajin har shekara biyu, kusan tsawon ran ɓera ke nan. Ana auna nauyinsu, ana duba jininsu, daga ƙarshe a duba hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Abin da ake farauta shi ne adadi mafi yawa da aka ba su ba tare da an ga wata illa ba. In an same shi ba a ɗauka a miƙa wa mutum haka nan. Sai a raba shi gida goma, saboda mutum ba ɓera ba ne, mai yiwuwa ya fi shi rauni a wannan abin. A sake raba abin da ya fito gida goma, saboda mutane ma ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai mai ciki, akwai tsohon da ƙodarsa ta gaji. Goma sau goma ɗari. Wasu masana biyu na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, Lehman da Fitzhugh, su suka shimfiɗa wannan tsari na kashi ɗaya cikin ɗari a 1954, har yau kuma a kansa ake tafiya.

Ga misalin da Abban Haidar zai gane in yana shan lemon gwangwani marar sukari. Sinadarin zaƙin da ake sa wa da yawa daga cikinsu, asfatem, an ba ɓeraye har miligiram 4,000 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu a kullum ba a ga illa ba. Aka raba gida ɗari, ya zama miligiram 40 a kan kowane kilo. A 2023 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma, wanda ake kira JECFA, ya sake duba lissafin ya bar shi yadda yake, aka ce mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a kullum kafin ya taka layin. Kin ga irin wannan abin yana da geji, kuma an bar tazara mai faɗi tsakanin gejin da ramin.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan abu guda, wato a samu adadin da ba ya yin komai. Shi ne ƙasan rijiyar da ake aunawa daga gare shi. A wajen dalma da ƙwaƙwalwar yaro, an yi shekara sittin ana zura guga ba a taɓa ƙasa ba.

Ana auna dalma a jini da maikrogiram a cikin desilita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram a cikin kashi ɗaya cikin goma na lita. Kada sunayen su dame ki, lambobin kawai za ki riƙe. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa tayar da hankali sai yaro ya kai 60. A 1970 aka sauko 40. A 1975 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce 30, a 1985 ta ce 25, a 1991 ta ce 10. A 2012 ta koma 5, a 2021 kuma 3.5. Dalmar ba ta ƙara dafi ba a tsawon wannan lokaci. Duk sanda aka ja layi aka ce ƙasa da nan lafiya lau, sai a bi yaran da suke ƙasan layin shekara da shekaru, a tarar su ma ta taɓa su a karatu da natsuwa da ɗabi'a. Har wani abin da ba a zata ba ya fito: asarar da yaro yake yi a kan kowane maikrogiram ta fi tsanani a farkon hawan, daga kusan sifili zuwa 10, fiye da daga 20 zuwa 30. Wato ɗan kaɗan ɗin nan da ake rainawa shi ya fi saurin yanka. Shi ya sa ita kanta CDC ba ta kiran 3.5 adadin aminci, tana cewa ne alama ce ta cewa yaron ya fi yawancin tsaransa dalma a jini, a je a nemo daga ina take shigarsa.

JECFA ɗin da na ambata ma ta taɓa yanka wa dalma geji, maikrogiram 25 a kan kowane kilo a mako. A 2010 suka sake zama, suka ga wannan adadin da kansa yana tafiya da aƙalla maki 3 a ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwar yara, yana kuma ɗaga hawan jinin manya. Suka janye shi, ba su sa wani a gurbinsa ba, suka ce ba su samu adadin da za su iya tsayawa a kansa ba. Masu sana'ar yanka geji ne suka ajiye wuƙa a nan, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa ke nan har yau.

Bari mu auna da Haidar. A ce kilonsa 8. Ko da tsohon gejin da aka jefar, rabonsa maikrogiram 200 ne a mako guda cur. A 2011 a birnin Boston na Amurka an gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, aka samu 13. Aka bi diddigi har aka kai ga kwallin da ake sa masa, wanda aka kawo daga gida, aka auna aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Miligiram ɗaya na irin wannan kwallin, wanda bai fi abin da zai maƙale a bakin tsinke ba, yana ɗauke da maikrogiram 800. Gaskiya ne ba duka ke shiga jini ba, domin dutsen ba ya narkewa da sauƙi kuma wani yana bin ruwan wanka. Amma ki duba yawan da ake sa masa a wanka ɗaya, ki ce ko kashi ɗaya cikin goma ne ya kai ciki. Juma'a-Juma'ar ma ta ishe shi.

Za ki ce ai a ido ake sawa, ba a baki ba. Gobe da safe ki zauna ki kalli yaronki minti goma bayan an gama shirya shi. Zai murtsuke ido da bayan hannu, domin kwallin yana masa yaji. Bayan hannun zai yi baƙi. Kafin ki ƙifta ido hannun yana baki, yana tsotsa, balle yanzu da dasashinsa yake ƙaiƙayi. In ya yi kuka kuma, akwai 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci da hawaye ke bi su sauka hanci su gangara maƙogwaro, abin da ya sa mai kuka yake jan majina ke nan. Kin taɓa share masa hanci kika ga baƙi-baƙi a ƙyallen? To hanyar ke nan. In ta isa ciki, ruwan cikin mai tsami yana narkar da wani sashe. Hanjin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi haka in yaron yana da ƙarancin jini, saboda jiki yana ruɗa ta da sinadarin ƙarfe da na ƙashi da yake ƙishirwarsu, sai ya buɗe mata ƙofa. A jini takan ɗauki kamar wata guda kafin rabinta ya ragu, amma wadda ta samu shiga ƙashi sai ta yi shekaru gommai a kwance. Wannan ma wani dalili ne da ya sa "a rage" ba ta aiki: ta wannan Juma'ar tana tarar da ta waccan ba ta tafi ba.

Yanzu 'ya'yan Hajiya tara. Ni ma kakata ta zizara min kwalli tun ina zanin goyo, tandunta na fata yana nan a akwatina, in na buɗe shi har yau ƙamshin ɗakinta nake ji. Ga ni kuma ina rubutu. Hajiya gaskiya ta faɗa iyakar abin da ido yake gani. Mu Hausawa da an ce gubar dalma sai hankalinmu ya tafi Zamfara a 2010, ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, yara suna ta suma da jijjiga, sama da 400 suka rasu. Waɗancan yaran jinin da yawa daga cikinsu ya haura 100. Abin da kwalli ya fi jawowa ba ya zuwa da wannan fuskar. Yaro zai tashi garau, ya yi wasa, ya yi aure, ya haifi nasa. Sai dai ƙila haddar da za ta zauna masa a maimaici uku sai ya yi biyar, ƙila ya zama mai saurin fushi, malami ya yi ta cewa ba ya natsuwa. Babu wanda zai ce kwalli ne, domin babu wanda ya san yadda yaron zai kasance da ba a sa masa ba. Masana ma sai da suka tara dubban yara suka jera su kafin abin ya bayyana. Kada ki kuskura ki kai wa Hajiya wannan bayanin a haka, domin abin da kunnenta zai ji shi ne kin ce ta nakasa 'ya'yanta, ciki har da mijinki.

Batun sunna kuwa, ni ba malama ba ce, amma hadisin ismid sananne ne, an kwaɗaitar da shi saboda yana ƙara hasken gani yana fito da gashin ido. Babu mai ja da wannan. Tambayar ita ce abin da ke cikin tandun Hajiya ismid ne? Abin da galibin masana suka ce shi ne ismid dutsen antimoni ne, wani ma'adini daban da dalma. Dutsen dalma, wanda ake kira galina, ya yi kama da shi sosai, toka-toka mai walƙiya da nauyi a hannu, ga shi ya fi shi yawa da araha. An sha sayo kwalli daga kasuwannin Saudiyya da maƙwabtanta a kai ɗakin gwaji, kuma abin da ake yawan tararwa a na dutsen dalma ce, antimonin ko babu ko ɗan ɓurɓushi. Mai shagon da ya rantse mata na asali ne mai yiwuwa bai yi ƙarya da gangan ba, shi ma haka aka ce masa. Zuwansa daga Madina yana nuna inda aka saye shi ne kawai, ba inda aka haƙo shi ba. Ido ba ya bambancewa, wanke dutsen da ruwan wardi ko na Zamzam kuma ba ya cire dalma, domin dutsen kansa ne dalmar. Ko da an dace da antimonin gaske, ba abin da zan so a zuba a idon ɗan wata bakwai ba ne. Wannan kwalli dai ba farilla ba ne, hana cutarwa kuwa ƙa'ida ce da kowane malami ya sani. Ku samu malamin da Hajiya take ji da shi a unguwa, Abban Haidar ya je ya yi masa bayani tukuna, sannan a tambaye shi a gabanta.

Na ce Abban Haidar da gangan. Wannan magana ba taki ba ce ke kaɗai, kuma ba a bakinki ya kamata Hajiya ta ji ta ba. Tsakanin ɗa da uwa ko an yi zafi, kafin la'asar an huce. Tsakanin suruka da matar ɗa kuwa sai a shekara goma ana tuna "ranar da ta ce kwallina guba ne". Ki karanta masa wannan amsar, ki fara da inda na ce yana da gaskiya, maza suna son haka. Shi kuma in ya zauna da ita, ya ɗora laifin inda yake, a kan 'yan kasuwa: "Hajiya, ashe yanzu dalma suke sayar wa mutane da sunan ismid, har ke sun cuta." Wannan ba dabara ba ce kawai, gaskiyar ke nan. Kuma a bar mata wankan safen. Abin da take so shi ne ta ɗora maigidan nata a cinya, ta shafe shi da mai, ta tofa masa addu'a, ta yi masa kirari tana cewa ya fi kakansa kyau. In an cire tsinken kwalli daga cikin wannan hidima, sauran duk nata ne. In kuma tsoron kambun baka ne ya sa take baƙanta masa ido, kamar yadda wasu iyayenmu suke yi, addu'o'in tsari da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini suna nan, ta fi ki sanin su.

Sai gwaji. Ku kai Haidar wajen likitan yara ku ce a auna dalma a jininsa, da Larabci "rasas" ake ce mata, a haɗa da gwajin ƙarancin jini. Wanda aka ɗiba daga jijiya ya fi inganci, domin na ɗan yatsa ƙurar kwallin da ke fata takan ɗaga lambar. In wurin da kuka je ba sa yi, ku tambayi inda za a tura ku, ko ku kira layin ma'aikatar lafiya, 937. Ku tafi da tandun a leda. In an samu dama Hajiya ta raka ku, takarda mai lamba daga hannun likita ta fi bakinmu duka. Daga 5 zuwa sama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemo tushen a toshe, a ci gaba da bibiya. Maganin da ke janyo dalma daga jiki ba a saba ba da shi sai lambar ta kai wajen 45, kuma a hannun likita, domin shi ma yana da nasa haɗarin. Kada wani ya ce miki a ɗura masa madara ko jiƙo ko maganin wankin ciki, ba sa fitar da ita. Abin da zai taimake shi shi ne nono, da abinci mai gina jini yanzu da ya fara ci, kamar nama da aka dafa ya yi laushi aka niƙa, da ƙwai, da wake ko adas. Maganin ƙarin jini sai likita ya rubuta. In kuwa kika ga amai ba ƙaƙƙautawa, ko barcin da ba na lafiya ba, ko jijjiga, kada ki jira safiya.

Kada hankalinki ya tashi fiye da kima. Wata bakwai ne, kin kuma farga da wuri, lambar takan fara sauka da zarar an datse hanyar, kuma hira da wasa da karatun da za ku yi masa a shekarun nan suna da nasu nauyin a kan ƙwaƙwalwarsa.

Akwai sauran gyara a cikin gidan. Turmin da Hajiya take daka dutsen kada ya sake ganin yaji ko kanumfari, a fitar da shi. Wurin da take dakan a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma a yar da tsumman, kada a share da tsintsiya, domin ƙurar tashi za ta yi, ga yaro yana gab da rarrafe. Ke ma in da shi kike kwalliya ki ajiye, kina shayarwa, hannunki kuma yana kan fuskarsa yini guda. Duk wata mai ciki a gidan ta fi kowa buƙatar jin wannan, domin dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Ga manya akwai fensirin ido na kamfanoni da aka yi wa rajista a hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, ki sayo guda biyu a kantin magani, ki miƙa wa Hajiya ɗaya a matsayin tsaraba. Zan kuma roƙe ki abu guda: lokacin aikin Hajji in 'yan'uwa suka sauka gidanku suna lissafin tsarabar gida, dabino da zannuwa da carbi da kwallin Madina na jarirai, ki ce su tsallake na ƙarshen.

In sakamakon ya fito ki rubuto min lambar, mu duba tare.